Zurgum, Wanda Ya Goya Birnin Rami

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa duwatsu, ya ɓoye abin da ya ga dama a ƙarƙashinsu, ya kuma halicci masu kwaɗayin tonowa. Bayan haka, ku gyara zama ku ba ni aron hankalinku. Ni ne Shekarau ɗan Jatau, maroƙi daga Tudun Marke, wanda ake wa laƙabi da Tsawa saboda muryata. Na taka ƙasashen da fatake ba su san sunansu ba, na ga abin dariya, na ga abin kuka, na kuma ga wanda ya haɗa biyun, shi zan ba ku yau.

Abin da ya fitar da ni daga gida shi ne attajiran garinmu sun kamu da wata irin kurumta wadda ba ta tashi sai na fara yi musu kirari. Ana cikin haka wani falke mai ɗan guntun gemu ya ba ni labarin Birnin Rami, can bayan Kogin Yashi. Ya ce da zinariya ake tokare ƙofa a can, kuma bai taɓa ganin mutanen da ke girmama baƙo mai jiki irinsu ba. Ni kuwa Allah ya hore mini jiki. In na zauna a kan tabarma, tabarmar ta ɓace ke nan sai na tashi.

Matata Gwamma, wadda in ta tsaya bayan taɓarya sai an neme ta, ta saurari labarin har ƙarshe tana tsince wake.

"Malam, ni dai mahauta kaɗai na sani da irin wannan son," in ji ta. "Amma tunda ka ƙulla kayanka, zan bi ka in ga ƙarshen girmamawar."

Muka yi tafiya kwana da kwanaki har muka isa Kogin Yashi. Kogi ne sosai, yana da gaɓa yana da igiya, sai dai yashi ne ke gudu a cikinsa maimakon ruwa. Mai fito ya dube ni ya dubi kwalekwalensa, sannan ya ce mu shiga. Da muka kai tsakiya yashi ya fara kwararowa ciki. Ya ce lalle a jefar da wani abu, kuma yana faɗa yana kallona. Kafin in buɗe baki Gwamma ta suri kalanguna, da buhun gero, da sandata mai kan azurfa, ta watsa su. Kwalekwale ya ɗago, muka haye. Na tambaye ta dalilin da ya sa ta fara da kalangun, ta ce shi ne ya fi kusa da hannunta. A bayana yake rataye.

Birnin Rami ba a hango shi daga nesa, sai dai ka ga ƙasa ta ƙare a gabanka. Rami ne mai faɗin da tsuntsu ke gajiya kafin ya ƙetare, an sassaƙa gidaje a jikin bangonsa suna zagayawa har ƙasa. Talakawa ne ke zaune a sama, inda ake fama da hasken rana da iska mai daɗi, kowa na tausaya musu. Manya suna can ƙasa cikin duhu da danshi, suna tari cikin alfahari. In za su gaishe ka sai su ce, "Zurgum ya ƙara maka zurfi." In za su zage ka su ce maka ɗan sama.

Wannan Zurgum shi ne abin bautarsu. Ni ban ce ubangiji ne ba, su suka ce. A wurinsu shi ne mai ƙasa da abin da ke cikinta, shi ya ja jijiyar zinariya da ta kuza da ta tama a cikin dutse. Mai haƙa ba ya fara sara sai ya taɓa digarsa a goshi ya taɓa ta a ƙasa. Ba a yin fito da baki a cikin rami, ba a tofa yawu. Babban matsafinsu, wanda suke kira Uban Diga, shi ya taryo mu da kansa. Dogo ne, fari fat don rashin rana, yana da murya mai laushi kamar ta mai jinya.

Ya zagaya ni sau da yawa yana murza hannu.

"Sannu da zuwa, baƙonmu. Mun daɗe ba mu ga alheri irin wannan ya shigo da ƙafarsa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ka ji muryata ba tukuna."

"Murya ma akwai? To, madalla."

Gwamma kuwa ko kujera ba a ba ta ba.

Aka sauke mu a wani gida can ƙasa, aka shiga ciyar da ni. Tuwo yana iyo cikin man shanu, naman rago, fura da zuma, da wani irin dambu da ban san sunansa ba. In na ce na ƙoshi sai fuskokinsu su ɓaci, ni kuma ba na son ɓata wa mai masauki rai. Kullum da hantsi ina yi wa manyan gari kirari, su yi ta gyaɗa kai suna duban cikina. Na ce wa Gwamma ga mutanen da suka san darajar fasaha. Ta ce in tambaye su dalilin da ya sa duk faɗin garin babu baƙo ko ɗaya sai mu.

Na tambayi Uban Diga. Ya yi murmushi ya ce baƙinsu duk sun yi zurfi.

"Doka ɗaya tak Zurgum ya ba kakanninmu," in ji shi. "Abin da kuka ɗauka, ku mayar da nauyinsa. Mu kuwa mutane ne masu biyayya."

Na yaba masa da wannan biyayya, har na sa ta cikin kirarinsa.

Da ranar bikinsu ta zo aka sa mini sabuwar riga, aka kai ni ɗakin tsafi da kiɗa. A tsakiyar ɗakin akwai rijiya mai faɗi wadda ba a ganin ƙarshenta, a bakinta kuma an kafa wani ƙaton sikeli. Gefe ɗaya an tara curin zinariya, ɗaya gefen kwando ne na ƙarfe da shimfiɗa a ciki. Aka ce in hau, wurin zaman babban baƙo ne. Na hau ina ɗaga wa jama'a hannu. Zinariya ta yi sama, aka ƙaro, aka sake ƙarowa, har sikeli ya daidaita. Mata suka rangaɗa guɗa. Sai na ga an kwashe zinariyar an nufi gidan Uban Diga da ita, kwandona kuma an ɗaura masa igiya an juyo da shi kan rijiyar.

Nan ne na fahimci dokar. Ni ne nauyin.

Na yi kururuwar da ta zubo ƙura daga rufi, suka ɗauka wani sabon kirari ne suka amsa. Ana cikin sassauta igiya sai Gwamma ta ratso taron, ta tattare zaninta ta diro cikin kwandon. Kiɗa ya tsaya. Uban Diga ya rugo bakin rijiya, ransa a ɓace.

"Ke, fito. An riga an auna, kin yi yawa."

"Ku ɗauke ni a matsayin gyara," in ji ta. "Ko a garinku ba a yi wa mai saye gyara?"

Ya tsaya yana tunanin ko asara ce, ya ga ba ta kai a ja igiya dominta ba, ya ce a sake.

Muka yi ta sauka har hasken sama ya koma kamar ƙwayar gero. Na ce mata ba ta kyauta wa kanta ba. Ta ce in yi shiru, in ta bar ni ni kaɗai zan iya yi wa abin da zai cinye ni kirari. Tana faɗa tana riƙe da hannuna.

Kwando ya dira, aka yanko igiyar ta faɗo mana a ka. Muka ga kanmu a cikin kogo mai girman da ba shi misaltuwa, duwatsu masu ɗan haske kore suna haskaka shi, ga tafki a tsakiya. A bakin tafkin mutane ne zaune, ramammu, fatarsu ta yi musu yawa kamar rigar aro. Wani dattijo ya taso ya gaishe mu, ya ce sunansa Dantani, da can falken goro ne wanda sai an haɗa jakuna biyu suke ɗaukarsa. Na ba shi labarina, ya tambaye ni ko falken da ya turo ni yana da ɗan guntun gemu. Na ce ƙwarai. Duk suka gyaɗa kai.

Makafin kifaye suke ci da naman kaza. Sun ma tsara sarautarsu, wanda aka fara jefowa shi ne babba, kuma sun rabu gida biyu kan ko Zurgum ya fi son kifi gasasshe ko ɗanye.

"Yana ina?" in ji Gwamma.

Dantani ya nuna ƙarshen kogon da haɓa. "Muna ajiye masa kifi mu gudu. Ba ya ci, amma ba mu fasa ba."

"Wa ya taɓa yi masa magana?"

Suka dube ta kamar ta ce wa ya taɓa lasar wuta.

Ta kama hanya, na bi ta, don zama cikin waɗannan mutane ya fi ba ni tsoro. Muka wuce tarin ruɓaɓɓen kifi muka isa wani dutse mai santsi, sai muka ga ashe gwiwa ce. Na ɗaga kai. Zurgum yana durƙushe, jikinsa baƙin dutse, jijiyoyin zinariya sun bi damatsansa, gemunsa na kuza ya sauko har ƙasa, idanunsa kamar maƙera biyu da aka bari wuta ta kusa mutuwa. Kansa a sunkuye yake, ya tokare rufin kogon da kafaɗunsa da tafukan hannunsa. Ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan ta gefen wuyansa.

Na yi abin da na iya. Na cika ƙirji na fara: mai zurfi, uban tama, mai gemun kuza, wanda ya girmi duwatsu. Ban kai rabi ba ya yi magana. Muryarsa ba a kunne ake jin ta ba, a gwiwa ake ji da haƙora, kuma da kowace kalma tsakuwa na zubowa.

"Ka iya ɗaukar dutse?"

Na ce a gaskiya ba fannina ba ne.

"An sake jefo wani ke nan," in ji shi, ya lumshe ido.

Gwamma ta matsa ta ɗan rusuna. "Baba, sannu da aiki. Me kake ɗauke da shi haka?"

Ya daɗe yana dubanta. Ina jin ba a taɓa yi masa sannu ba. Sannan ya ba mu labari a hankali, yana rage murya iyakar iyawarsa. Da can ginshiƙan dutse ne ke riƙe da birnin. Mutane suka gano akwai zinariya a jikinsu, suka shiga sara. Ya ce musu su ɗiba, ba ya rowa, amma duk abin da suka cire su mayar da dutse mai nauyinsa su cike gurbin. Sun yi haka na ɗan lokaci. Daga baya matsafa suka lura dutse sai an ɗauko shi, baƙo kuwa da ƙafarsa yake zuwa. Da ginshiƙi na ƙarshe ya karye sai ya sa kafaɗa, bai sake motsawa ba.

"Me ya hana ka gaya musu?" in ji Gwamma.

"Na gaya. In na ɗaga murya ƙasa ta girgiza, su ce ina jin yunwa, su jefo mini wani ƙato. Shi ya sa na yi shiru."

"To, ka sauke mana, kowa ya ji a jikinsa."

"'Yar nan, ina jin gudun yaransu a bayana. Da safe suke farawa."

Sai Gwamma ta juyo ta dube ni, irin kallon da take yi wa tsohuwar tukunya in ta tuna tana da amfani.

"Baba, abin da kake bukata baki ne mai ƙara wanda ba ya girgiza ƙasa. Ga shi na aura."

Muka shirya magana. Ta ce mutanen nan ba za su yarda da baki kawai ba, sai sun ga alama. Ta tambaye shi wace unguwa ce a kan kafaɗarsa ta hagu, ya ce ta manya. Ta ce in ya ji na kira shi na ce ya huta, ya sassauta wannan kafaɗar kaɗan. Bai amince ba sai da na yi alkawarin zan fitar da yara tukuna. Komawa sama kuwa, ya ce mu jawo kwandon mu daidaita shi ƙarƙashin rijiya mu riƙe sosai. Dantani da mutanensa suka taya mu ja, suna yi mana kallon gawa. Zurgum ya juyo da fuska, ya ja numfashi har ruwan tafki ya ja baya, ya hura.

Ban san yadda zan kwatanta wannan tafiya ba. Na dai san rawanina ya riga ni isa. Muka fito ta bakin rijiya kamar an tofa ƙwallon dabino, kwando ya bugi rufi ya dawo ya zauna a tsakiyar ɗakin tsafi. Mun kuwa zo a kan gaɓa, don sun sami wani sabon baƙo, mai sayar da man gyaɗa, yana zaune a kan sikeli yana ɗaga wa jama'a hannu.

Na miƙe na saki muryar da Allah ya ba ni. Ta hau zagayen birnin har unguwar talakawa, suka leƙo ta baranda. Na gaya musu abin da na gani: gwiwar, da kafaɗun, da ƙasar da ke zuba a wuyansa, da tarin kifin da bai ci ba. Na ce dutse ya nema, dutse kawai.

Uban Diga bai ko girgiza ba. Ya ɗaga hannu ya ce, cikin muryarsa mai laushi, "Jama'a, kun ga abin da gyara ta jawo. An ɓata awo, Zurgum ya dawo da kaya. A mayar da namijin shi kaɗai."

Majiya ƙarfi suka nufo ni. Na ce duk mai yaro a unguwar ƙasa ya hau da shi sama yanzu, don ƙasa za ta yi magana. Manyan suka ce su ba 'yan sama ba ne da za a gan su suna hawa. Matansu ba su tsaya jin wannan bayani ba, suka suri yara suka bi matakala. Gwamma ta tsare gabana da wata diga da ta tsinta, tana lilo da ita yadda ba wanda ya so ya gwada sa'arsa, har na ga goyo na ƙarshe ya wuce. Sannan na durƙusa a bakin rijiya na ce, "Zurgum, huta."

Ƙasa ta yi wani nishi. Unguwar manya ta karkata kamar faifai a hannun mai sheƙa. Bangon gidan Uban Diga ya tsage daga sama har ƙasa, zinariyar da aka tara tun zamanin kakansa ta kwararo tana ƙara, ta bi ta tsagar ta koma inda ta fito. Shi kansa santsi ya kwashe shi, rigarsa ta maƙale a hannun sikeli, ya yi ta reto a kan rijiyar. Ba wanda ya mutu. Sai dai a ranar an ga manyan gari a unguwar sama, suna ƙifta ido cikin rana, talakawa na ba su ruwa.

Aka sauko da Uban Diga. Ya karkaɗe rigarsa ya juya ga jama'a ya ce ai shi tun da daɗewa yake nazarin dokar, kuma ya kusa sanar da cewa dutse take nufi. Aka yi masa tafi. Kafin yamma ya zama shugaban aikin ɗaukar dutse, muƙamin da ba a ɗaukar dutse a cikinsa.

Amma an yi aikin, wannan ba zan hana su ba. Aka fito da Dantani da mutanensa. Maza da mata suka yi ta sauke duwatsu damina da rani, ana gina ginshiƙai. Ni ma na ɗauka, don Gwamma ta ce murya ba ta tokare rufi, har rigata ta fara yi mini yawa. Ranar da aka ɗora dutsen ƙarshe muna wurin. Zurgum ya janye hannu ɗaya, ya saurara. Ya janye ɗayan. Rufi bai motsa ba. Ya fito da kafaɗunsa a hankali, gaɓoɓinsa na ƙara kamar ana fasa dutse, ya kwanta ya miƙe a gefen tafki ya sa hannu ƙarƙashin kunci. Ya dubi Gwamma ya ce, "Sannu, 'yar nan." Ni kuma ya ce in rage murya. Ya yi barci.

Mutanen gari suka saka mini da sarautar Bakin Zurgum, da wata tsohuwar diga, da addu'ar ƙarin zurfi. Zinariya kuwa suka ce ta zama abin tsarki, ba a ba baƙo.

Ranar da za mu tafi, da sassafe muka sauka kogon don mu yi sallama ko da yana barci. Yana nan kwance, numfashinsa na kaɗa ruwan tafki. Mun juya ke nan sai muka ji wani ɗan sauti daga bayan ginshiƙi na can ƙurya, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Muka leƙa. Dantani ne tsugune da 'yar fitila da ƙaramar diga, ya riga ya yi rami a gindin ginshiƙin wanda hannu zai shiga. Ya fara mayar da jiki, kumatunsa sun ciko.

Ya ɗora yatsa a baki. "Wani ɗan ƙyalli na gani. Kaɗan zan cira, ba zai ji ba. Bayan duk wahalar da na sha a wurin nan, ai ina da haƙƙi."

Na buɗe baki zan yi magana, sai muka ji irin wannan sauti daga wani ginshiƙin, sannan daga wani can gaba.

Gwamma ta dubi Zurgum yana barcinsa, ta daɗe tana dubansa. Ta gyara ɗaurin kayanta a ka.

"Malam, ɗaga ƙafa," in ji ta.

Muka hau, muka fita, ba mu tsaya ba sai da ƙasa mai tauri ta yi nisa tsakaninmu da bakin ramin. Iyakar abin da idona ya gani ke nan a Birnin Rami. Ga hankalinku na mayar muku, Allah ya sa abin da muke takawa ya ci gaba da riƙe mu.